Ni Ne Na Ce Mai Awon Ƙara Ya Zo Da Azahar

Assalamu alaikum Anti, da ke da duk masu bibiyar wannan shafi. Don girman Allah a ɓoye sunana, kuma duk wanda zai zage ni ya daure ya kai ƙarshe tukuna. Na san na cancanci zagin, amma shawara nake nema, don kwana uku ke nan na kasa cin abinci.

A Makka aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina. Kakana ne ya taso daga ƙasar Katsina ya zo aikin hajji bai koma ba. Duk da haka ba mu da takardar ɗan ƙasa. Da igama nake zaune, wato takardar izinin zama, kuma sabunta ta yana hannun kafilina, wato wanda ya tsaya min a wurin hukuma, Balaraben da nake tuƙa wa tifa. Matata da 'ya'yana uku duk a kan igamata suke. Nijeriya kuwa a waya kawai nake ganinta.

Muna zaune a ƙarshen unguwar Ka'akiyya, a gindin dutse. Shekara biyu da suka wuce wani kamfani ya kafa injin fasa dutse a bayan gidajenmu. Anti, in ba ki taɓa zama kusa da irin wannan inji ba, ban san yadda zan kwatanta miki ba. Daga an idar da asuba sai isha. Kofin shayi rawa yake a kan faranti, bango ya tsattsage, miji da mata sai sun yi ihu kafin su ji juna, har maƙwabcina yake cewa shi yanzu ba ya bambance ranar da matarsa take fushi da ranar da take tambayarsa ko zai ƙara miya. Muna dariya, amma abin ba na dariya ba ne. Wadda ta fi kowa shan wuya ita ce Inna Hajara, don gidanta ne na ƙarshe, tsakaninta da injin katanga ɗaya ce. Ita ta shayar da ni lokacin da mahaifiyata ta kwanta ciwo, saboda haka uwa ce a wurina. Tana da hawan jini. Da can 'yan mata suna taruwa a ɗakinta tana biya musu karatu, dole ta sallame su don ba ta jin abin da suke karantawa. Kullum za ka same ta da auduga a kunne, ta ɗaure kai da ɗankwali tamau.

Da tura ta kai bango, maza suka zauna a masallaci bayan la'asar aka ce a rubuta ma'arud, takardar koke, a kai ofishin baladiyya, wato hukumar gari. Da yawa suka noƙe, don sai ka sa lambar igamarka, kuma kowa ya san halin da takardunsa suke ciki. Mutum goma sha ɗaya muka sa hannu. Aka ce ni zan kai, saboda na iya rubutun Larabci kuma ba na jin tsoron ƙofar ofis. Na ji daɗin hakan, ba zan ɓoye ba, har tafiyata ta canza. Sau huɗu ina zuwa ana ce min in dawo gobe. A na biyar aka ba takardar lamba, aka haɗa ni da wani matashin ma'aikaci, sabon ɗauka, wanda zai zo da na'ura ya auna ƙarar. Ya karɓi lambar wayata ya ce in faɗa masa lokacin da ya fi dacewa.

Abin da mutanen unguwa ba su sani ba, ni ma sai daga baya na sani, injin na ƙanin kafilina ne. Kafilin ya kira ni ofishinsa. Bai ɗaga murya ba, da hannunsa ma ya zuba min gahawa.

"Ya Abu Usman, masha Allah, na ji ka zama lauyan unguwa." Ya yi murmushi. "Igamarka saura nawa ne ma? Wata biyu ko? Tayyib, Allah ya sauƙaƙa."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai ce in yi komai ba, kuma wannan ne yake ƙona min rai, don dabarar tawa ce, daga kaina ta fito. Na san injin yana tsayawa sau ɗaya a yini, daga kiran sallar azahar har ma'aikata su yi salla su ci abinci. Na san a daidai lokacin maza duk suna masallaci. Na san kuma babu macen da za ta leƙo ta yi wa baƙon namiji magana. Wa zai san wannan in ba ɗan unguwa ba? Sai na buga wa yaron nan ma'aikacin waya na ce da safe manyan motoci suna tare hanya, ya zo da azahar.

Ya iso ana kiran salla. Unguwa tsit, har kukan kurciya ana ji. Na kai shi ƙofar gidan Inna, ya ɗaga na'urarsa, ya duba, ya sake dubawa, ya kalle ni.

"Ya akhi, kullum haka yake?"

Na ce, "Kusan haka. Ka san tsofaffi da ƙorafi."

Ya rubuta, ya miƙo min na sa hannu a matsayin shaidan unguwa, ya yi sauri ya tafi don ya samu jam'i. Ni kuwa ranar ban samu jam'i ba, kuma da na tsaya salla ni kaɗai ban san raka'a nawa na yi ba. Motarsa ba ta fi rabin awa da tafiya ba injin ya tashi.

Bayan sati uku amsa ta zo: an auna, ƙara ba ta wuce ƙa'ida ba, an rufe fayil. A satin aka sabunta min igama ba tare da na ko tuna wa kowa ba. Unguwa ta ɗauki zafi. Kowa ya ce ma'aikacin ya ci hanci, wasu ma suka ce bai zo ba sam, a ofis ya zauna ya rubuta. Aka tambaye ni, na ce ya zo, ya auna, ban san me ya rubuta ba. Ina cikinsu ina girgiza kai, ina cewa duniya ta lalace. Wane irin mutum ne ni? Da wace fuska zan tashi ranar da babu kafili babu igama?

Watan jiya jinin Inna ya hau, ta faɗi a tsakar gida. Kwana biyar tana asibiti, ta fito hannun hagu ba ya ɗaguwa. Likita ya ce tana bukatar wuri mai natsuwa. Ina za ta same shi? Wannan ya sa mutane suka sake rubuta ma'arud, amma wannan karon a kan ma'aikacin ne, da sunansa, ana zarginsa da cin hanci. Har waɗanda suka ji tsoro a farko sun sa lambobinsu, sun ce a mutu ko a yi rai. Kuma ni suka sake damƙa wa, liman yana cewa, "Kai ne amintaccenmu." Maganar ta riga ta kai kunnen yaron. Shekaranjiya ya kira ni.

"Kai kana wurin, ya akhi. Ka ga na karɓi ko riyal ɗaya? Wallahi abin da na'ura ta nuna na rubuta. In akwai kuskure a lokacin da na zo, ka faɗa a rubuce, zan nemi a buɗe fayil in sake aunawa. Aikin nan shi ne nake riƙe iyayena da shi."

Na ce masa zan kira shi. Ban kira ba.

Ga inda nake, Anti. In na rubuta gaskiya, za a sake awo, wataƙila a ɗauke injin, yaron ya tsira da aikinsa. Amma kafilina zai sani a ranar, kuma takarda ɗaya zai cike a ba ni fita ba dawowa, ni da mata da yara, zuwa ƙasar da ban san ko ƙofar gida ɗaya a cikinta ba. In na yi shiru na kai takardar, na kashe wanda bai ji ba bai gani ba, injin kuma ya ci gaba da cin Inna. In na ɓoye ta, wani zai kai. Matata ba ta san komai ba, tana ganin ciwon Inna ne ya ramar da ni.

Jiya na je gaishe ta. Ta kama hannuna da hannunta mai lafiya, ta jawo ni kusa don in ji.

"Ya waladi, ranar Juma'a ka zo ka tura ni a keke zuwa Harami. Ban taɓa yi wa ɗan Adam Allah ya isa ba, amma wannan karon zan yi, a gaban Ɗakin Allah. Ba zan kama suna ba, kada in zalunci wani. Zan ce duk wanda ya san gaskiya ya rufe ta. Ni zan roƙa, kai kuma ka riƙa cewa amin."

Na ce mata to. Yau Laraba. Jama'a, don Allah, me zan yi?