Harsashi Ɗari Biyu na Bachir

Lahadi, 5 ga Nuwamba 2023
Kafilina Abu Kamil, wato ubangidan da ya ɗauke mu aiki a nan ƙasar waje, zai fita farauta Juma'a da ɗansa. Harsashin da muke ɗura masa da hannu a ɗakin bayan gida ya kammala, ɗari biyu. Bachir, mutumin Maraɗi, shi ya ɗura. Shekara tara ina wannan aiki, amma shi aka ba. Ni wanke mota.

Litinin, 6
Bachir ya same ni a gareji yana gumi. Wai ranar yana tsakiyar zuba albarushi aka kira la'asar, ya tashi da gudu bai sa alamar inda ya tsaya ba. Da ya dawo ya ci gaba da ka. Wataƙila wani layin harsashin ya sha albarushi sau biyu. Kuma ya juye duka a akwati ɗaya.

Sau biyu na nufin bindiga ta fashe a fuskar mutum.

“Yaya Almustafa, in ya ji, huruj zai buga mini.” Wato kora zuwa gida, ba dawowa. 'Ya'yansa biyar.

Na ci gaba da wanke mota.

Talata, 7
Na ɗauko gudumar cire kan harsashi. Buga, zazzage, auna. Bachir na miƙo mini. Sittin, duk lafiya. Ya ce ko mu bar sauran? Na daka masa tsawa.

Laraba, 8
Harsashi na ɗari da goma sha ɗaya. Sau biyu. Sai wasu tara a bayansa. Na jera su a tire ina kallo, ina tuna yadda ɗan Abu Kamil yake manna kumatunsa a jikin bindiga.

Kafaɗata kamar ba tawa ba.

Alhamis, 9
Abu Kamil ya dawo daga unguwar Malaz kafin azahar, ƙarar guduma ta jawo shi ɗakin baya. Ya dubi tiren, ya ce wa ya yi? Na faɗa masa gaskiya, Bachir ne. Na ƙara da cewa shi ya tona kansa, kuma ni da na san aikin ban taɓa nuna masa yadda ake sa alama ba. Da gangan. Wannan ma gaskiya ce.

Ya soke hutuna na Disamba. Bachir zai zauna.

Me zan ce wa matata Sabuwa da ke jirana a gida?

Juma'a, 10
Abu Kamil da ɗansa sun dawo daga farauta da yatsunsu cif.

Bachir ya kawo mini dambu daga unguwar Ulaisha. Gishiri ya yi yawa. Na cinye. Gobe zan fara koya masa sa alama, kawai don kada in sake ɗaga gudumar nan.