Na Ce Kada Ka Juya

Govedartsi, 9 ga Janairu, 2003

Zuwa ga ɗana Radko,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da matarka da yarinya. To, gaisuwa ta ƙare.

Shekara ashirin da biyu ke nan ana cewa a garin nan Stoimen ne ya karya ƙafar ɗansa. Har yau in na shiga shagon burodi sai an rage murya. Shekara goma sha tara na yi ina wasa bakin ƙarfen katakan zamiya a kan ƙanƙara na 'yan kulob, ba a taɓa dawo mini da aiki an ce da gyara ba. Rana ɗaya ka zame a gasa, gwiwarka ta dama ta tarwatse, sai shugaban kulob ya shafa bakin katakonka da babban yatsa ya ce, "Stoimen, wannan ai ko man shanu ba zai yanka ba." Suka karɓe makullin ɗakin aikina. Kai kuwa kana kwance a asibiti kana kallon rufi, ba ka wanke ni ba.

Ka san abin da ya faru. A zamaninku gefen ciki kaɗai ke cizon ƙanƙara, shi ya sa kowa ke atisaye da gefe ɗaya, ranar gasa ya musanya katakon dama da na hagu don sabon kaifi ya koma ciki. Naka gefen gasar dutse ya cinye shi, sai na wasa maka na atisayen, na ce kada ka juya katakan. Ka juya. Ina laifin magagarina a nan?

Ba don wannan kaɗai na ɗauki biro ba, ka san aji uku na yi, rubutu azaba ne a wurina. Ranar Lahadi na je Borovets kallon tseren jikata Tsveta. Ba ku gan ni ba, ban kuma so ku gan ni ba. Kafin gasa ta sauko ita kaɗai a gangaren gefe, na bi sawunta da ƙafa. In ta sha kwanar dama, layi biyu ne sirara kamar na jirgin ƙasa, katako ya yanka. In ta sha ta hagu, sai ka ce an ja buhun dankali. Can take zubar da lokacinta. Kai ne kocinta, kai ne ubanta, idonka fa?

Ka aiko mini da katakanta a motar Samokov. Kuma ka ba ni amsar wancan zance. Kada ka bugo waya, kunnena ya mutu, kuma na san ka, sai ka ce layi ne ya yanke.

Mahaifinka, ko kana so ko ba ka so,
Stoimen

*

Bansko, 15 ga Janairu

Dyado Stoimen, kakana,

Ina gaishe ka da kyau. Yaya sanyi, yaya bayan? Mama tana gaisuwa, ta ce ka daina hawan tsauni da takalmin coci.

Baba ya karanta wasiƙarka a tsaye, ya ninke ta huɗu ya cusa a aljihu, ya fita duba motar da lafiyarta ƙalau. Ni na ciro ta daga aljihun. Kada ka yi faɗa, halinka na gada.

Gaskiya ka faɗa game da kwanar hagu. Baba yana ta ihu a gangare, "Tsveta, kwanta a kan kaifin! Yanka, ba shara na ce ba!" Ina jin sa, jikina ne ba ya ji. Ya ce tsoro ne. Ni ban san ina tsoron komai ba. Abin mamaki, mu biyar ne a hannunsa, kuma dukkanmu haka muke, har 'yan Sofiya suna kiranmu masu tsintsiya.

Ranar 9 ga Fabrairu za a zaɓi 'yan tawagar matasa. Na ba direban Samokov katakan, na ce wa Baba suna wurin gyara. Ai ban yi ƙarya ba. Ka duba su da sauri, ina fama da tsofaffin.

Wancan zancen kuwa, a gidanmu ba a taɓa yin sa ba. Na san dai in hadari ya haɗu Baba yana hawa matakala da ƙafa ɗaya.

Jikarka mai taurin kai,
Tsveta

*

Govedartsi, 22 ga Janairu

Tsveta 'yar albarka,

Gaisuwa mai yawa. Bayana yana nan, ki ce wa uwarki takalmina ne, ni na saya.

Katakanki ba su da laifin komai. Kwana biyu na yi ina neman laifin, don na so in samu. Injin da ke wasa muku su ba shi da tausayi, amma ya iya. Kada ki faɗa wa kowa na ce haka.

Da na rasa laifi a ƙarfe sai na kasa zama. Na hau mota uku na zo Bansko ranar Litinin, na laɓe a bayan itatuwa kamar ɓarawon kaji ina kallon atisayenku. Kafin ku sauko, ubanki yana fara saukowa ya nuna muku, ko ba haka ba? Ku biyar kuna zuba masa ido kamar 'yan agwagi. To na ga abin.

A kwanar hagu, ƙafar dama ce a waje, ita ke ɗaukar mutum gaba ɗaya. Ubanki ba ya ba ta nauyi. Ba zai iya ba, ita ce mai ƙusoshi a ciki. Sai ya ɗan zauna a kan ta hagu, ya juya kafaɗa, katakon waje ya goge maimakon ya yanka. Ya iya ɓoyewa, don shi kansa bai san yana yi ba. Bakinsa yana koya muku daidai, jikinsa yana koya muku ɗingishi. Ku biyar masu lafiyayyun ƙafafu kuna lallaɓa gwiwar da ba taku ba!

Ga abin da za ki yi. Ki nemi gangare mai sauƙi, na yara, kada ki ji kunya. Duk kwanar hagu ki ɗaga katakon hagu sama da ƙanƙara, taƙi ɗaya, ki bar ƙafar dama ita kaɗai da duniya. Za ki faɗi. Ki tashi. Sau hamsin kullum. Kowace saukowa ki waiga ki dubi sawunki, shi ba ya yi wa mutum kara. Kuma in ubanki zai nuna, ki kalli ƙasa.

Ban yi masa magana ba. Na tsaya har ƙafafuna suka daskare, na ga yadda yake dafa gwiwar in ya zaci ba mai kallo, na juya na kama mota. A hanya ban iya cin gurasar da na ƙunsa ba.

Katakan suna wurin direba. Na ɗan bi su da magagari duk da haka, hannu ba ya jin magana.

Kakanki,
Stoimen

*

Bansko, 31 ga Janairu

Baba,

Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya.

Na tarar da Tsveta a gangaren yara tana ɗaga ƙafa ɗaya. Na tambaye ta wa ya koya mata, ta miƙo mini wasiƙarka. Na sa an ɗauke ni a bidiyo, na kalla sau uku. Abin da ka gani haka yake.

Daga wannan makon Vesela Dimova, wadda ta daina tsere bara, ita ke nuna musu. Ni ina tsayawa a ƙasa da agogo. Jiya Tsveta ta bar layi biyu a kwanar hagu, sau shida cikin goma.

Ka zo ranar 8 ga wata, akwai ɗaki. Ka taho da magagarinka, yarinya ta ce ba mai taɓa mata katako sai kai.

Waccan maganar ta wuce, Baba. Mu bar ta.

Ɗanka,
Radko

*

Govedartsi, 3 ga Fabrairu

Radko,

Na gaishe ka. Na ga takardarka, layi goma bayan shekara ashirin da biyu, sai ka ce daga ofishin fansho. Zan zo. Ka ce wa Tsveta shida cikin goma ba abin yin rawa ba ne.

Amma ba za mu bar ta ba. A wurinka ta wuce, ni a cikinta nake kwana nake tashi.

Zan faɗa maka abin da ko uwarka ban faɗa wa ba har ta koma ga Allah. Safiyar gasar nan kana cikin motar kulob, ni ina ƙasa. Injin yana ruri. Na buga gilashi na ce kada ka juya, ka ɗaga mini kai kana murmushi. Duk shekarun nan ina rantsuwa tagar a buɗe take. Tun da na ga ka dafa gwiwar nan a Bansko nake rufe ido ina dubawa, wani lokaci a buɗe, wani lokaci a rufe. Taki uku ne tsakanina da ƙofar motar. Ban hau ba, ina sauri in je shan shayi.

In ka ji ni ka manta, yaro ne kai, ɗan goma sha tara, na yafe tun kafin ka roƙa. In ba ka ji ba, to masu shagon burodi sun fi ni gaskiya, kuma ya kamata in sani kafin in ɗora ƙarfe a kan katakon 'yarka.

Kada ka tausaya mini, ban roƙe ka ba. Kada ka aiko yarinya. Kai kaɗai ne a cikin gilashin nan. Ka ji ni ko ba ka ji ni ba? Motar Samokov tana tashi kullum ƙarfe bakwai. Kalma ɗaya a takarda ta isa, amma ka rubuta ta.

Ubanka,
Stoimen