Sunan Bilkisu Ya Ɓace a Wayar Babanta

Yaya Habibu,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya Anti Rabi da yara? Nan Jos kowa lafiya.

Na sa sakamakon jarrabawa a shafin intanet na makarantarmu, a kwamfutata komai tsaf. Washegari baban ɗalibata Bilkisu, wani tela, ya zo a firgice: "Malama, 'yata faɗuwa ta yi?" A burauzar wayarsa, wato manhajar buɗe shafukan intanet, rubutun ya hau kan juna, sunanta ya ɓace. Ashe salon rubutun da na zaɓa kwamfutata kaɗai ke da shi.

Na canza zuwa na gama-gari, na bi shagunan Nasarawa Gwom ina aron wayoyi ina gwadawa. Ko'ina sunan Bilkisu ya fito, ita ce ta uku a aji. Sau biyu babanta ya karanta da ƙarfi.

A gaida kowa, a sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Hadiza