Da Fara Ta Sake Launi

Hawandawaki, Talata

Ƙanena Yusha'u,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hindatu da yara. Ya garinku Sarkin Hausa, ya aikin feshin ƙwari? Mu nan sai godiya, hatsi ya fid da kai, Allah ya kai mu girbi.

Takarda na rubuto don saƙon murya yawo yake yi, yau yana wayarka, gobe yana wayar maigari. Ka san tun rasuwar maigidana fara ce ke riƙe da gidan nan. Mu kama da sanyin safiya, mu dafa, mu shanya, 'yan Tasawa su zo su kwashe. Bana Allah ya buɗa, ban taɓa ganin yawanta haka ba. Sai dai ban da koriya da mai launin ƙasa da muka saba, wata ta ɓullo a gefen gonaki, baƙa mai ɗigon rawaya, ko fiffike ba ta yi ba. Mata sun ce irin mai cin tumfafiya ce, mai ɗaci, shi ya sa muke tsince tamu mu bar ta. Kai da aka kai horo Mayahi, wace iri ce? Kada ka faɗa wa mutanenku. In motar feshi ta shigo, ba mai sake sayen farar garin nan sai baɗi.

Ka huta lafiya.
Yayarka, Safi

Sarkin Hausa, Alhamis

Zuwa ga Yaya Safi, tare da girmamawa,

Na gaishe ki, na gaida mutanen gida. Takardarki ta hana ni cin tuwo.

Koriya da mai launin ƙasa uwa ɗaya ke iya zuba ƙwansu, kamar ni da ke, ni fari ke baƙa, ciki ɗaya. Cikin ɗanyar ciyawa belbela ba ta ganin koriya, kan yashi kuma ba ta ganin mai launin ƙasa, shi ya sa babu wadda ta taɓa ƙarewa. Amma baƙar nan, ina tsoron ba baƙuwa ba ce. An koya mana cewa in fara ta cika wuri har tana gogar juna, 'ya'yanta kan sake launi, su sake hali. Ki gwada. Ki cusa ƙanana koraye da yawa cikin tulu da ganye, ki ga abin da za su zama. In wasu sun yi fiffike a daji, ki lura ko baƙa na barbara da koriya.

Yaya, kafin fiffike kawai magani ke cimma ta. Ki ba ni izini in sanar. Hatsin gari guda ake magana.

Allah ya bar zumunci.
Ƙanenki, Yusha'u

Hawandawaki, bayan kasuwa

Yusha'u,

Muna lafiya. Wato har ka fara yi mini wa'azi, kai da na goya!

Na yi abin da ka ce. Na buɗe tulun na tarar sun yi saɓa, koren ya dushe, baƙi ya hau bayansu. Na rufe, ban nuna wa kowa ba. A daji kuwa waɗanda suka fara yin fiffike ba ruwansu da koraye, baƙa sai baƙa, sai ka ce ba su taɓa haɗa uwa ba. Ƙananan kuma yanzu tafiya suke, kowa ya sa kai gefe ɗaya, ko ka taka su ba sa kaucewa. Tsohuwa Bintu ta tsaya kallonsu ta ce, "Wagga ba ta abinci ba ta, ɗiyata." Wallahi na ji tsoro.

Duk da haka ka ba ni zuwa kasuwa mai zuwa, in fid da abin da na shanya. In ka sanar kafin nan, matan garin nan za su san daga bakin wa ta fita, ni kuma ba ni da ƙane.

Safi

Sarkin Hausa, Asabar

Yaya,

Ina gaisuwa. Jiya na je Mayahi. Shugabanmu ya tambayi kowa ko an ji labarin fara wani wuri, na sunkuyar da kai na ce babu. Tun da na kama aikin nan ban taɓa jin kunya irin ta jiya ba. Na dawo na zagaya gonata, zangarniya ta cika, tana jiran ta bushe. Hindatu har ta sa an gyara rumbu.

Zan yi shiru zuwa kasuwar, tunda ke kika ce. Amma don Allah, in kin ga sun fara hawa bishiya suna shanya fiffike da hantsi, kada ki tsaya rubutu, ki kira ni.

Ƙanenki mai biyayya, Yusha'u

Hawandawaki

Yusha'u, ƙanena,

Na yi ta kira, babu rezo, waya ba ta shiga. Na ba mai babur wannan takarda, na ce ya yi gudu.

Ka sanar da wanda za ka sanar. Da hantsi suka tashi gaba ɗaya, rana ta dushe, awaki suka yi ta kuka. Gonakin gabas kara kawai ya rage. Korayen suna nan cikin ciyawa kamar kullum, ba su bi su ba.

Na tsaya bakin gari na ga inda iska ta ɗauke su. Wajenku suka yi. Ku yanke hatsin ko bai bushe ba.

Yayarka, in har yanzu kana kirana haka,
Safi