Ni Ce Nake Zare Cajar Injin Malam

Assalamu alaikum. Ina gaida mai kula da wannan shafi da duk masu karantawa, manya da ƙanana. Don Allah a ɓoye sunana da lambata, sunayen da za ku gani a ciki ma canza su na yi. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, da girmana na koya, sai ku yi haƙuri da rubutun. Da hannuna nake dannawa a hankali, domin maganar ba wadda zan ba 'yata ta rubuta min ba ce. Abu ɗaya nake roƙo, ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke min hukunci. Na san na yi laifi, ba wanke kaina na zo yi ba.

A bazarar bana abin ya faru, kuma mutanen Kazaure sun san yadda ta zo mana. Zafi ba a magana, hadari ya haɗu da la'asar har mu kwashe shanya, sai iska ta taso ta watsa shi, ta yaye wa mutane kwano ta bar su ba ruwa ba rufi. Kowa a ƙage yake, kowa ransa a kusa. A irin wannan lokacin ake neman mijina ta ko'ina, domin kafinta ne. Zan kira shi Malam, yadda nake kiransa a gida. Bara jiri ya ɗebe shi a kan tsani, Allah ya tsare bai faɗo ba, da aka je asibiti aka ce hawan jini ne, ya rage shiga rana, ya rage hawa sama. Bai rage ba. Abin da ya sauko da shi ciwon wuyan hannu ne, murɗa sukurudireba ya soma gagararsa, dole ya dawo zaure yana haɗa ƙofofi da benci da kujerun tsakar gida. Allah ya yafe min, na ji daɗin ciwon hannun nan. Ina girki ina jin ƙarar zartonsa, na san ƙafarsa a ƙasa take. Wace mace ce ba za ta so haka ba?

Malam yana da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, zan kira shi Ilu. A Babura yake zaune, yana haɗa wa mutane sola. Malam ne ya raine shi bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya yi masa aure, kuma ban taɓa jin sun ɗaga wa juna murya ba. Wata ranar Asabar sai ga Ilu a kan babur da kwali biyu, ashe Malam ne ya ce ya samo masa injin ɗaure sukuru daga Kano ya zaɓa. Suka shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya, ni kuma na kawo musu kunu na tsaya ina kallo. Ɗaya babba ne mai waya, ɗaya ƙarami mai batir a gindinsa.

Ilu ya ce, "Yaya, mai wayar nan ya fi ƙarfi, ba zan ɓoye maka ba. Amma in aka kira ka ƙauyen Gwiwa, a ina za ka jona shi? A jikin kuka?"

Malam ya yi dariya. Ya ɗauki babban ya jinjina ya ajiye, ya ɗauki ƙaramin ya ɗaga shi sama da kansa kamar mai aikin silin ɗaki, ya daɗe a haka yana jin nauyinsa a hannun da ke ciwo. Sai ya je ƙofar kicin ɗina da ta daɗe tana jan ƙasa, ya ɗora bakin injin a kan sukurun ya danna. Sukurun ya shige kamar cikin tuwo. Fuskarsa ta yi wani haske da na daɗe ban gani ba.

Ilu ya juyo wurina ya ce, "Matarmu, zo ki koya. Ran da ya ɓata miki rai sai ki kwance ƙofar ɗakinsa ki kai kasuwa."

Na ce, "Kai dai Ilu, gemu kawai ka tara."

Ya ce, "To ji nan, aikin naki ne, tunda ke ce a gida in an kawo wuta. Ki zare batirin ki ɗora a kan caja, fitila ja za ta kama. Kada ki cire sai ta koma kore. In ta yi kore, wallahi zai kai shi yini."

Malam yana shafa injin ya ce, kamar da kansa yake magana, "Kwanon zamanin nan ma duk da sukuru ake ɗaure shi. Ashe zan koma sama."

Wannan maganar ce ta tsaya min a ƙirji. Ni ba mai yawan magana ba ce, na kwashe kofuna na shige ciki. Ranar farko na yi cajin yadda aka ce, ya tafi Roni ya yini a kan rufin wani gida, ni kuma na yini ina leƙen ƙofa, duk babur da ya wuce sai gabana ya faɗi. Ya dawo idonsa jawur yana murna. Washegari da aka kawo wuta na ɗora batirin, na tsaya ina kallon jar fitilar nan, sai kawai hannuna ya kai na zare. Ban shirya ba, wallahi ban kwana da niyyar ba. Na ce a raina, in ya mutu masa da wuri ai dole ya sauko ya dawo gida. Daga ranar ya zama min aiki. Ina bari ya ɗan sha wuta kaɗan, yadda in ya danna da safe zai ji yana juyawa, sai na mayar cikin akwatinsa. Ya tambaye ni, "Kin sa?" in ce, "Na sa, Malam." To ai na sa ɗin, haka nake rarrashin kaina. Wa nake yaudara?

Ya soma dawowa ransa a ɓace. Ya ce injin ba ya kai shi ko hantsi. Ya kira Ilu, Ilu ya zo ya tafi da shi Babura, ya yi masa caji a solarsa, ya yi aiki da shi yini guda, ya dawo da shi ya ce lafiyarsa ƙalau. Malam ya fita da shi ya yi aiki lafiya, kashegari da ya biyo ta hannuna ya sake mutuwa. Nan zargi ya shiga. Malam ya ce Ilu nasa batirin mai kyau ya sa don ya rufe masa baki, daga baya ya faki ido ya mayar da ruɓaɓɓen. Ya ce tsohon kaya aka goge aka sa a sabon kwali aka kawo masa. Da Ilu ya sake zuwa, a tsakar gida ya same ni ina tankaɗe, ya durƙusa ya gaishe ni, babu wasan da ya saba.

Ya ce, "Yaya, don Allah kina barinsa har ta yi kore?"

Rabon da ya kira ni Yaya har na manta, kullum matarmu ce. Na kalli rariyar da ke hannuna na ce, "Ina bari."

Ya ce, "To shi ke nan, ke ba za ki yi min ƙarya ba."

Ya shiga zaure wurin Malam, ina jin su. Ilu ya ce, "Ko dai danne shi kake yi da ƙarfi? Abin nan ba guduma ba ne, sai an koya." Malam ya ce, "Ni za ka koya wa riƙon kayan aiki? Ni da na koya maka ɗaura wando?" Ilu ya ce ba haka yake nufi ba. Malam ya ce, "Ka ga na tsufa, ka ga hannu ya mutu, ka ce wannan ko me aka ba shi zai karɓa. Tashi ka ba ni wuri." Ina tsaye a bayan ƙofar da injin nan ya gyara min, kalma ɗaya za ta kashe wutar, na kasa. Tsoro nake ji ko kunya? Har yau ban sani ba. Na ji tashin babur ɗin Ilu, ko kunun da na dama masa bai sha ba. Tun ranar bai sake tako gidan ba, matarsa da muke waya kullum ta daina ɗauka.

Kuma duk wannan, kun san Malam bai daina hawa ba? Ni ina nan ina cewa dabarata tana aiki, tunda wasu ranakun yana fasa fita. Ashe ranakun da ya fita, in injin ya mutu ba saukowa yake ba, ya riga ya yaye wa mutane rufi, ga hadari, ina zai bar su? Sai ya zaro tsohon sukurudirebansa ya ci gaba da murɗawa da hannun nan mai ciwo. Aikin da zai gama kafin rana ta take, sai ya kai shi la'asar a kan kwano mai zafi.

Shekaranjiya aka kawo min shi daga wani ƙauye a Gwiwa, a tsakiyar mutum biyu a kan babur. Jiri ya kama shi a sama, ya kwanta rub da ciki a kan kwanon ya riƙe katako, sai da aka hau aka sauko da shi da igiya. Tafin hannunsa da gefen fuskarsa duk sun yi ja saboda zafin kwano. Muka je aka duba shi aka ƙara masa magani. Jiya da la'asar yana kwance a inuwar darbejiya ina yi masa fifita, na ce, "Malam, don girman Allah ka bar hawan nan."

Ya ce, "Kina tsammani ban san jikina ba? Ai saboda jirin na sayi injin. Na lissafa, in ina da shi zan hau da sanyin safiya in sauko kafin rana ta yi zafi. Ban gaya miki ba ne don kada hankalinki ya tashi, na san ki da sa abu a rai." Ya juya fuska ya ce, "Da baƙo ne ya cuce ni da sauƙi. Yaron da na goya ne ya kusa kashe ni."

Mafici ya faɗi daga hannuna. Ya ce, "Kin gaji, je ki huta, Allah ya yi miki albarka." Ni yake sa wa albarka. Ku gaya min, ina zan kai wannan?

Labari ya kai wa mahaifiyarsu, Inna, da ke Roni. Tsohuwa ce sosai, ba ta cika lafiya ba. Ta aiko cewa ranar Juma'a tana son ganin su biyun a ɗakinta, ta ce ba za ta koma ga Allah ta bar su a haka ba. Malam ya sa injin da akwatinsa a buhu ya ɗaure ya ajiye a bakin zaure. Ya ce a gaban Inna zai danna shi kowa ya ga abin da aka sayar masa, ya miƙa wa Ilu kayansa, daga nan kuma gaisuwa ce kawai tsakaninsu.

Yau da safe, da ya samu barci bayan ya sha magani, na kwance buhun na zare batirin da cajar na sa a cikin hijabi. Babu wuta, sai na taka har bakin tasha wurin masu cajin waya na ba da. Mai shagon ya ce in je in dawo, na ce a'a, zan jira. Na zauna a benci ina kallon fitilar nan, mutane suna wucewa suna gaishe ni ina amsawa ban san me nake cewa ba, har ta koma kore. Na ji kamar na sauke wani kaya. Sai da na kamo hanyar gida tunanin ya zo min. In Malam ya danna shi a gaban Inna ya yi ta juyawa ba tsayawa, shi zai zama maƙaryaci a gaban uwarsa da ƙanensa, da furfurarsa. In kuma da na bar shi yadda yake, Ilu ya tabbata maha'inci, alhali bai ci ba bai sha ba. Duk ta inda na juya, wani zai ɗauki kayana.

Na mayar da batirin, na ɗaure buhun yadda ya ɗaure. Yana nan a bakin zaure, in na wuce sai na kauce masa. Na san gaskiya ce maganin, ba sai an gaya min ba. Amma mutumin da jininsa ya hau shekaranjiya, in na ce masa ni ce, me zai same shi? Tunda muka yi aure bai taɓa bin bayan maganata ya bincika ba, in na ce na sa, to na sa. In kira Ilu in fara gaya masa, ya ji daga bakina cewa na kalle shi na yi masa ƙarya? Ko in riga su zuwa Roni in durƙusa a gaban Inna? Jibi ne Juma'a. Ga shi can ya farka, ina jin yana kirana in kawo masa ruwa.

Don Allah 'yan'uwa, me zan yi?