Kawu Ilu Ba Ya Tashi Sai An Amsa

Al-Sulay, Riyad

Inna Zaituna,

Assalamu alaikum. Ya haƙuri, ya takaba? Ya su Kamila? Allah ya jiƙan Kawu Ilu.

Na so zuwa ta'aziyya, kafilina, wato uban gidana a nan, ya ce sai aiki ya ragu. Lafiyata lau. Zafi ne dai, shi ma an ce ana sabawa. Don Allah a turo min hoton Kawu na kaki.

Inna, kin san halin da Kawu ya dawo da shi daga aikin sojan ruwa. A jirginsa na kamun kifi a Yawuri, ba ya tada inji sai ya kira kowa da suna ya amsa. Da nake aiki ƙarƙashinsa na taɓa cewa, "Kawu, ai kana ganinmu." Ya ce, "Amsa nake so."

Yanzu leburori nake ɗauka a bas, haka nake musu, suna min ihun "yalla, yalla", wato mu tafi. Watan jiya da za mu baro wurin gini na kira Maulud, wani ɗan Damagaram, na ji shiru. Muka same shi sume bayan tulin bulo, rana ta buge shi. Ya warke, alhamdulillahi. Wannan ladan na Kawu ne.

Ranar da aka sanar da ni rasuwar, na ba leburorin labarinsa. Washegari da na gama kiran suna, ban san sanda na ce "Kawu Ilu" ba. Sai Maulud daga kujerar baya ya ce, "Na'am."

Ɗanki,
Musbahu