Mairo Ba Za Ta Sake Ɓuya Ba

Yaya Halima,

Ina gaishe ki. Ya ƙafar Inna? An samu shiga gona a Kuyello bana?

Ni lafiya lau a Abuja, sai dai halin mai makarantar da nake koyarwa ya ishe ni. Duk ranar da iyaye masu motoci za su zo, sai ta ce in ɓoye Mairo, 'yar mai gadi, wai silifas ɗinta abin kunya ne. 'Yar shekara huɗu fa!

Jiya na ƙi. Na tsayar da ita gaban aji, ta karanta baƙaƙe tsaf. Daɗi ya kama ni har da hawaye.

Yanzu matar ba ta amsa gaisuwata. Kada ki gaya wa Inna. In ta kore ni, ku share min zauren Baba, ku tara min yaran unguwa.

Ƙanwarki,
Muslimat